Gaisuwar da Kawu Ya Amsa a Titin Fagge

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da ƙanena, a bayan wata babbar mota mai bodin katako da za ta Kano. Tun da na dawo mutane suke tsayawa a ƙofar shagona suna tambayar abin da ya kai tela birni a farkon kaka, lokacin da ɗinki ya fi yawa. Na gaji da ba da amsa da allura a baki, shi ya sa na ce bari in zauna in ba da labarin gaba ɗaya.

Ƙanen nawa, autanmu, gwajin tuƙi zai sake yi. Ya daɗe yana karen mota, hannunsa ya faɗa da sitiyari tun ba yau ba, amma ba shi da lasin. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa a garinmu ya yi sabuwar mota, ya ce Auta ne zai ja ta in ya kawo lasin kafin a buɗe ciniki, in kuwa bai kawo ba zai ba wani. Ga matarsa da tsohon ciki. Da damina ya je gwajin ya faɗi, kuma yadda ya faɗin ne ya sa Inna ta ce in bi shi wannan karon.

Baturen da ke gwada direbobi yakan bi da su ta cikin Fagge, don nan ne jaki da raƙumi da mai keke da mai tallar gurasa suke haɗuwa a titi ɗaya. A bakin wannan titi kuwa gidan Kawu yake, yayan Inna, wanda ya ɗauki Auta riƙo tun daga yaye bayan rasuwar mahaifinmu. Tsohon madugu ne, ganinsa ya yi rauni, kullum yana zaune a ƙofar zaure. Auta na hango shi sai ya taka burki a tsakiyar titi, ya diro, ya tuɓe takalma, ya durƙusa yana gaisuwa. Ko burkin hannu bai ja ba. Mota ta fara gangarawa baya da Bature a ciki, ta hankaɗe garewanin wani ɗan garuwa, sannan Baturen ya samu ya tsayar da ita. Allah ya tsare ba a taka kowa ba. Inna ba za ta iya gaya wa yayanta ya bar ƙofar gidansa ranar gwaji ba, don haka ni aka ɗora wa wannan aiki.

Ni dama ba na shiri da mota. Keken ɗinkina ya ishe ni, shi dai ko na taka shi da ƙarfi ba ya barin ɗaki. Sule biyu-biyu aka karɓa a hannunmu, aka jera mu a kan katakai kamar goro a huhu. Gabana wata mai goyo ce, gefena wani mai kaji wanda zakaransa bai ga abin tsattsaga ba duk hanya sai aikin wuyan rigata. Hanya gargada ce, amma gari ya yi kyau. An girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai, duk inda ka duba mutane ne a duƙe suna tugar gyaɗa. A Ɗambatta muka tsaya, na sayi ƙosai na kwabo da fura mai sanyi a wurin wata Bafulatana. Auta ko kurɓa bai yi ba, bakinsa sai motsi yake yana bitar alamun hannu.

Mun wuce Ɗambatta kaɗan direbanmu ya hango wani dagaci zaune a gindin tsamiya da mutanensa. Sai ya saki sitiyari, ya leƙo ta taga, ya dunƙule hannu yana jinjina, ɗaya hannun yana dafe da ƙirji. Ƙafar mota ta faɗa wani kwazazzabo a gefen hanya, muka tafi luu muka dawo. Mai goyon nan goshinta ya daki katako ya fashe. Ba ta ko taɓa wurin ba, kwance zane take yi tana duba jaririn. Na zaro ƙyalle mai tsabta a jakata na ɗaure mata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ana komawa hanya wani dattijo a bayana ya ce, "Kai, direban nan akwai ladabi." Na dubi Auta, ya sunkuyar da kai.

Da hantsi muka shigo ta Kwaciri, gonaki suna ƙarewa gidaje suna farawa, wani jirgin sama ya wuce ta kanmu har kajin maƙwabcina suka rikice. Kano ta cika da motoci fiye da yadda na bar ta. A mararrabar da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari an ɗora ɗan sanda a kan duro yana ba da hannu, na lura in zai tsayar da mutane yakan matse yatsunsa gam, kada wani ya ce daƙuwa aka yi masa. Doka ta ce kowa ya bi hagu. Motoci suna bi, masu keke suna bi in sun tuna, jakuna kuwa ba a gaya musu ba tukuna.

Mun sami Kawu a inda muka san za mu same shi. Auta ya tuɓe takalma tun daga nesa. Kawu ya shafa kansa da fuskarsa yadda yake yi masa tun yana ƙarami, ya ce ya rame. Aka kawo gurasa da romo, wani Buzu maƙwabcinsa ya dafa mana shayi mai ɗaci a 'yar buta. Ban gama kofin farko ba Kawu ya fara ba ni labarin ranar nan, kamar ban sani ba.

"Da Bature a cikin motar fa," in ji shi, yana dariya har da dukan cinya. "Ya bar shi a zaune ya zo ya gaishe ni. Duk Fagge an gani. Ka ce ban yi tarbiyya ba?"

Na bari Auta ya shiga cikin gida gaida mata, sannan na matso na yi ƙasa da murya. Na ce, "Kawu, wannan gaisuwar ce ta kayar da shi. In ya sake, mota ta tafi."

Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana juya kofi a hannu. Ya ce, "Wato dokar ta ce yaro ya wuce wanda ya goya shi kamar ya wuce kututture?" Na ba shi labarin mai goyo. Ya ce wannan ƙaddara ce. Na ce ko zai yarda ranar gwaji in raka shi cikin birni ya gaida abokansa. Ya ce, "Tela, sha shayinka." Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa, don na gane ba girman kai ba ne. Mutumin da ba ya ganin fuska sosai, da gaisuwa yake sanin har yanzu ana tare da shi.

Washegari Auta zai tafi wurin mai koya musu tuƙi a Sabon Gari, sai ga Kawu ya fito da sanda da rawani. Ya ce zai je ya ji da kunnensa wanda ke hana yara gaisuwa. Muka tafi a ƙasa ina riƙe da hannunsa. Sabon Gari wata duniya ce. Tituna a miƙe kamar an ja su da alli, kowane shago da irin harshen da ake ciniki da shi, kiɗan garmaho na tashi ta nan, ƙararrawar coci ta can. Na sayi soyayyar doya da barkono a wurin wata Bayarabiya, ta kira ni maigida, ta ƙara mini gyara. Telolinsu ma na leƙa, sun iya wando amma aljihunsu bai kai nawa ba.

Filin koyon yana bayan rumfunan bakanikai. Mai koyarwar tsohon soja ne da ya ja mota a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, Kirista ne daga kudancin Zariya, kowa Saja yake ce masa. Mun tarar ya zana tituna a ƙasa da tsinke, ya jera kwalayen ashana a matsayin motoci, samari sun kewaye shi a tsugune. Yana tura kwali ɗaya yana tambaya wa ke da hanya, wa zai jira, me za ka yi kafin ka sha kwana. Wanda ya kuskure sai ya tashi ya yi alamar hannun a tsaye har sai kafaɗarsa ta gaji. Da ya ga Kawu ya miƙe ya cire hula, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Kawu ya ɗan sassauta, ya raɗa mini cewa ashe shi yana gaisuwa.

Saja yana da wata dabara. Duk wanda zai zagaya fili da tsohuwar motarsa, sai an cika ƙwarya da ruwa fal an ba wani ya riƙe a baya. In ruwa ya zube, direba bai iya ba. Da layi ya zo kan Auta, Saja ya buɗe wa Kawu ƙofar gaba don girmamawa. Kawu ya tambaya, "Mutanen da zai riƙa ɗauka, ina suke zama?" Aka ce a baya. Ya ce, "To can za ku kai ni." Duk yawon da ya yi a duniya a ƙasa ya yi shi ko a kan jaki, bai taɓa hawa mota ba. Muka ɗaga shi muka zaunar a kan katako, ya ce a miƙo masa ƙwaryar.

Auta ya ja mota a hankali, ya zagaya fili, ya sha kwana, ruwa sai ɗan rawa yake a bakin ƙwarya. Kawu yana murmushi yana cewa, "Ka gani? Ka ga hannu?" Can sai muka ji Saja daga gaba ya ce, "Ga Baba can a ƙofar gida, tsaya." Kafin Auta ya yi tunani ƙafarsa ta riga ta taka. Ƙwarya ta tashi, ruwa ya wanke Kawu daga gemu har gwiwa, shi kuma ya tafi gaba zai daki ƙarfen bodi. Na rungumo shi. A hannuna na ji yadda ya zama ba nauyi, ƙasusuwa kawai cikin babbar riga.

Saja ya zagayo da sauri, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce bai zaci yaron zai taka da ƙarfi haka ba. Sannan ya ce, "Baba, irin tsayuwar da ya yi maka ranar nan ke nan. Ranar babu kowa a baya. In ya sami lasin, mutum talatin ne a nan, da tsofaffi da masu goyo."

Kawu ya gyara rawaninsa. Ya matse gemunsa, ya lalubi ƙarfen da ya kusa daka ya shafa shi. Auta ya fito, Kawu ya ce masa ba komai, ya koma ya ci gaba. A hanyarmu ta komawa Fagge muka tsaya a mararraba, muna jiran ɗan sanda ya ba mu hannu. Kawu ya ce, "Matar nan ta motarku, jaririn bai bugu ba?" Na ce bai bugu ba. Muka ƙetare. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Mu ma a fatauci, in ayari yana tsakiyar kogi, madugu ba ya amsa sallama. Ko sarki ne a gaɓa, sai jakin ƙarshe ya hau tudu. Na manta ne."

Ranar gwaji na ba Auta rigar kaki da na ɗinka masa a ɓoye, mai aljihu biyu da murfi, ya sa ya tafi tun da sassafe. Ni kuma na je wa Kawu da maganar shiga birni, ina ganin yanzu ai zance ya ƙare. Sai na tarar ya sa an share ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi. Ya sa farar rigar da na yi masa da sallar bara. Bai tsaya nan ba, ya aika an kira limamin unguwa, da mai unguwa, da Buzun nan, da duk wani mai furfura da ya taɓa ba Auta ɗan kwabo yana yaro. Suka jeru a bakin titi.

Na ce, "Kawu, so kake ka kashe shi? Kai kaɗai ma yaya aka ƙare?"

Ya ce, "In na ɓuya yau, gobe wa zai ɓoye masa surukinsa a hanyar Daura? Wa zai ɓoye masa dagatai? In ya iya wuce mu, ya iya wuce kowa. In bai iya ba, gara Alhaji ya ba wani motar."

Na zauna a gefen tabarma. Aka yi ta hira, ni ban san abin da ake cewa ba. Raƙuma suka wuce da kanwa, 'yan makaranta suka wuce, rana ta ɗaga. Sai ga motar ta ɓullo daga kwana, Auta a sitiyari cikin kaki, Bature a gefensa da hular kwano. Tana matsowa na ji ta rage gudu. Na ga hannun damansa ya bar sitiyari ya fito ta taga. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Ashe alamar rage gudu yake yi wa na baya, wata yarinya ce mai tallar gyaɗa take ƙetarewa. Ya jira ta hau gefe, ya mai da hannu, ya ci gaba. Ya zo daidai mu, kusa har ina ganin gumi a wuyansa da ruwan da ya cika idonsa. Bai juyo ba. Ya wuce liman, ya wuce mai unguwa, ya wuce Kawu.

Kawu ya kama hannuna. Ya ce, "Shi ne?" Na ce shi ne. "Ya waiwayo?" Na ce bai waiwayo ba.

Sai ya saki hannuna, ya gyara zama, ya fuskanci titi inda ƙarar motar ke nisa. Ya ce, "Lafiya lau." Ya ɗan dakata daidai yadda mai gaisuwa zai yi tambaya ta gaba. "Ba gajiya. Iyali lafiya lau. Madalla. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka ya dawo da kai, kai da waɗanda ka ɗauka." Dattawa suka shafa suka ce amin. Ni kuwa na juya ina gyara bakin tabarma da ba abin da ya same ta.

Bayan azahar Auta ya dawo. Tun daga kwanar da motar ta ɓullo ɗazu ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu, ya tako cikin zafin ƙasa har gaban Kawu ya durƙusa. Ya ci gwaji, Bature har ya ce masa ya ga an gyara. Amma bai fara da wannan ba. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai ya kifa kai a gwiwar tsohon yana cewa a yafe masa.

Kawu ya dafa kansa ya ce, "Tashi, Auta. Ai na amsa tun da hantsi."

Mun ƙara kwana ɗaya muka kamo hanya, da gurasa da dabino da Kawu ya ba mu mu kai wa Inna. Motar da muka samu direbanta wani natsattse ne, na har yi gyangyaɗi, abin da ban taɓa yi a mota ba. A tashar Ɗambatta na yi ta duban mata ko zan ga mai ƙyallena a goshi, ban gan ta ba. Mun iso gida da la'asar, Inna ta ji labari ta yi dariya ta yi kuka, Alhaji kuma ya miƙa wa Auta makulli.

Abin da na koyo a tafiyar nan, dokar hanya da ake koya wa direbobi ba ta isa ba in mu na gefen titi ba mu koyi tamu ba. Mu ne muke jin haushi in ba a ɗaga mana hannu ba, mu ne muke yabon direban da ya saki sitiyari, alhali 'yan'uwanmu ne a bayansa. Ina roƙon dattawa da masu sarauta da surukai, in direba ya wuce ku bai gaishe ku ba, ku yi masa uzuri, zai zo da ƙafarsa in ya sauke mutane.

Jiya da safe Auta ya wuce ta ƙofar shagona da lodin farko, mata da buhuna a baya, matarsa a ciki za ta awo asibiti. Ni ne yayansa, ni na ɗinka rigar da ke jikinsa, ko kallon inda nake bai yi ba. Na ɗaga ƙafa daga kan keke na ce, "Lafiya lau." Mai kawo ɗinki da ke zaune ya waiga ya ce da wa nake. Na ce da ƙanena.